Tayin ƙarya da damfara: Yadda ake cutar juna a gwanjon bindigogi na intanet a Amurka

A tsakiyar watan Mayun 2016, farashin wata ƙaramar bindiga da aka sa a gwanjo a wani shafin intanet na Amurka ya haura dala miliyan 65 cikin kwana guda. Bindigar ita ce wadda George Zimmerman ya harbe Trayvon Martin da ita, matashi baƙar fata ɗan shekara 17, a jihar Filorida a 2012, kafin kotu ta wanke shi a 2013.

Da dala 5,000 aka buɗe tayi. Shafin GunBroker, inda aka fara sa ta, ya sauke tallar ba tare da ɓata lokaci ba, sai Zimmerman ya koma shafin United Gun Group. A can ne masu adawa da cinikin suka yi ta buɗe asusu da sunayen ba'a suna ɗora miliyoyi a kan miliyoyi, alhali babu mai niyyar biyan ko sisi. Dole aka rushe gwanjon aka sake sabo, tare da tantance masu tayi. Rahotanni sun ce daga ƙarshe an sayar da ita a kan dala 250,000.

Wannan ya ja hankalin duniya saboda sunan mai bindigar. Sai dai irinsa na faruwa kullum a kan bindigogin dala 400 ko 900, ba tare da wata jarida ta ɗauka ba. Matsalar fuska biyu gare ta: mai tayin da ya ci gwanjo ya ƙi biya, da ɗan damfarar da ke karɓar kuɗi ko kaya ya yi layar zana.

Yadda kasuwar take

A 1999 kamfanin eBay, wanda ya fi kowa shahara a gwanjon intanet, ya haramta sayar da bindigogi a shafinsa. A shekarar ce Steven Urvan ya kafa GunBroker a jihar Jojiya domin cike gurbin, shafin kuma ya zama mafi girma a wannan fanni. A 2021 kamfanin AMMO ya saye shi a kan kimanin dala miliyan 240. Facebook ma ya hana ɗaiɗaikun mutane cinikin bindiga a dandalinsa tun Janairun 2016, abin da ya ƙara tura masu ciniki zuwa shafukan da suka keɓanta da makamai.

Shafin gwanjo dillali ne kawai. Ba ya riƙe bindiga, ba ya ganinta. Mai kaya ne ke sa hoto da bayani da farashin farawa, masu saye su yi ta tayi har wa'adi ya cika, shafin kuma ya cire la'adarsa daga mai sayarwa. A GunBroker akwai ƙa'idar minti 15: gwanjo ba ya rufewa sai an yi minti 15 cur babu sabon tayi, don kada wani ya laɓe ya fizge kaya a daƙiƙar ƙarshe.

Abin da ya bambanta bindiga da agogo ko takalmi shi ne doka. A watan Maris na 1963, Lee Harvey Oswald ya yi odar bindiga ta gidan waya daga wani kanti a birnin Chikago da sunan ƙarya, a kan ƙasa da dala 22, kuma da ita ya harbe Shugaba John F. Kennedy a watan Nuwamban shekarar. Bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, majalisar dokokin ƙasar ta zartar da Dokar Kula da Bindigogi, wadda ta toshe wannan hanya.

Tun daga lokacin, wanda ya sayi bindiga daga wata jiha ba a kai masa ita gida. Ana aika ta ga dillalin makamai mai lasisin gwamnatin tarayya, lasisin da ake kira FFL, a jihar mai sayen. A kantin ne zai nuna shaidarsa, ya cike fom mai lamba 4473 na hukumar ATF mai kula da makamai, sannan a binciki tarihinsa ta tsarin NICS da hukumar FBI ke gudanarwa tun Nuwamban 1998. Idan bincike ya wanke shi, sai a miƙa masa bindigar.

Ke nan kowane ciniki na bi ta hannu huɗu: mai sayarwa, shafin gwanjo, dillali mai lasisi da mai saye. Tsakanin tayi da karɓar kaya akan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma a wannan tazara ce ɓarna ke shiga.

Inda gizo ke saƙa: hanyar biyan kuɗi

Mai sayen waya ko littafi ta intanet a Amurka yakan biya ta PayPal, idan kaya bai zo ba a mayar masa da kuɗinsa. Mai sayen bindiga ba shi da wannan gata, domin PayPal da wasu manyan kamfanonin tura kuɗi sun haramta amfani da su wajen cinikin makamai. Wanda ya yi a ɓoye, aka cuce shi, ba shi da bakin kai ƙara, wataƙila ma a rufe masa asusu.

Manyan kantuna kan karɓi katin banki, wasu su ƙara kusan kashi 3 cikin 100 a kan farashi. Ƙananan masu sayarwa kuwa sun dogara ne da cek na banki da takardar kuɗi ta gidan waya, wadda kowace ɗaya ba ta wuce dala 1,000. Mai saye zai sa ta a ambulan ya aika wa mutumin da bai taɓa gani ba, ya zauna jira. Ciniki ne da ya rataya a kan amana, kamar na ɗan kasuwar da ke tura kuɗi wata ƙasa kafin ya ga kwantena.

Wanda ya ci gwanjo ya ƙi biya

A ƙa'idar shafukan, tayi alkawari ne mai ɗaurewa. Dokar kasuwanci ta bai ɗaya da jihohin Amurka ke aiki da ita ta ce ciniki ya faɗa da zarar mai gwanjo ya buga guduma ko ya sanar da rufewa ta hanyar da aka saba. Amma mai kanti a Teksas ba zai ɗauki lauya ya bi mutum har Ohayo a kan bindigar dala 600 ba. Masu ƙin biya sun san haka.

Dalilansu iri-iri ne. Akwai wanda zafin gasa ya kwashe shi da dare, gari ya waye ya ga ya wuce ƙarfin aljihunsa. Akwai wanda ya taya bindiga iri ɗaya a wurare uku, ya ci biyu, ya biya mai araha ya yi watsi da ɗayar. Wani bai lissafa kuɗin aikawa da harajin ciniki da ladan dillali mai lasisi ba, sai da ya ga jimla ya ja da baya. Wani kuma dokar jiharsa ce ta hana irin bindigar, kamar yadda ake samu a Kalifoniya da Niyok, ko shekarunsa ba su kai 21 da dokar tarayya ta gindaya wa mai sayen ƙaramar bindiga daga dillali ba. Sai masu yi da gayya: abokin hamayya a kasuwa da ke son ya tsare kayan wani har nasa ya shige, ko mai adawa da cinikin makamai baki ɗaya.

Asarar mai kaya ta fi yadda ake zato. Da an rufe gwanjo shafin ke rubuta masa la'ada, ko kuɗi sun shigo ko ba su shigo ba. Idan aka ƙaddara la'adar kashi 5 cikin 100 ce, bindigar dala 2,000 ta jawo masa bashin dala 100 ke nan kafin ya ga ko kwabo. Zai iya neman a yafe masa, amma sai ya jira wa'adi, ya tunatar da mai tayin, ya shigar da ƙorafi. Kafin a gama, kaya sun yi makonni a ajiye, masu saye na gaskiya da suka zo na biyu da na uku sun sayi wata. In ya sake sa ta, masu lura sukan yi zargin ko tana da aibi, sai farashi ya faɗi.

Akwai kuma tayin ƙarya da mai kayan ne da kansa ke shirya shi. Yakan buɗe asusu na biyu, ko ya sa aboki ya riƙa tayi don a hura farashi. Idan abokin ya ci bisa kuskure, sai a ce mai tayi ya ƙi biya, a sake sa kaya. Wannan dabara ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Malaman fiƙihu na kiranta najashi, wato mutum ya ƙara kuɗin kaya ba don yana son saye ba, sai don ya ruɗi wani, kuma hani a kanta ya zo a hadisi, har Imam Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. Dokar Amurka ma ta ba wanda aka yi wa haka zaɓi: ya fasa cinikin, ko ya karɓi kayan a kan tayin gaskiya na ƙarshe. A 2001 an gurfanar da mutum uku a kotun tarayya a Kalifoniya kan hura farashin zane-zane a eBay, ciki har da wani zanen jabu da tayinsa ya haura dala 135,000.

Masu sayar da abin da ba su da shi

Damfarar da ta fi yawa ita ce mafi sauƙi. Ɗan damfara zai kwafi hoton bindiga daga tsohuwar tallar wani, ya sa ta a farashi mai rahusa, ya karɓi kuɗi, ya ɓace. Yakan nace a biya ta hanyar da ba a iya janyewa: tura kuɗi kai tsaye ta manhajar waya, katin kyauta na kantuna, ko kuɗin kirifto.

Da yake masu saye na duba tarihin mai kaya kafin su taya, ɓarayin sun koma satar tarihin. Sukan aika wa tsohon ɗan kasuwa saƙon imel mai kama da na shafin, su ce ya sabunta bayanansa. Da ya shigar da kalmar sirri sai su ƙwace asusun, su jera bindigogi masu tsada a ƙarƙashin sunan da ya yi shekaru yana tara yabo. Mai saye ya ga ɗaruruwan shaidu masu kyau, ya saki jiki.

Wata dabarar kuma ta haɗa matsalolin biyu wuri guda. Bayan an rufe gwanjo na gaskiya, sai wanda ya zo na biyu ya samu saƙo, wai daga mai kaya, cewa wanda ya ci ya ƙi biya, don haka an sallama masa a kan tayinsa in zai tura kuɗi yau. Da yake kowa ya san masu ƙin biya sun yi yawa, labarin ba ya ba da mamaki. Mai tura saƙon kuwa ba shi da alaƙa da bindigar ko kaɗan.

A 2020, shekarar annobar korona da zanga-zanga da zaɓe, tsarin NICS ya gudanar da bincike kusan miliyan 39.7, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan. Bindigogi da harsasai suka yi wuya a kantuna, shafukan bogi masu kwaikwayon sunayen sanannun kamfanoni suka yawaita, suna tallar abin da babu shi a kasuwa.

Akwai gwajin da ya nuna zurfin abin. Ofishin GAO, mai bin diddigin ayyukan gwamnati a madadin majalisar dokoki, ya fitar da rahoto a ƙarshen 2017 kan yunƙuri 72 da jami'ansa suka yi na sayen bindiga daga ɗaiɗaikun mutane a shafukan intanet na fili, suna nuna cewa doka ta hana su mallaka. Ko sau ɗaya ba su samu bindiga ba. Masu sayarwa 56 sun ƙi, shafuka sun rufe asusun jami'an sau 5. Sauran 11 kuwa 'yan damfara ne bisa dukkan alamu, kuma a biyu daga ciki jami'an sun biya, ba su ga bindiga ba, ba su ga kuɗinsu ba. Mai damfara ya fi son irin wannan mai saye, domin wanda ya je sayen haramtaccen abu ba ya kai ƙara wurin 'yan sanda.

Idan mai saye ne ɓarawon

Mai kaya ma ba ya tsira. Tsohuwar hanyar ita ce cek na jabu. Dokar bankunan Amurka ta tilasta a saki kuɗin cek cikin 'yan kwanaki, alhali gano jabu kan ɗauki makonni. Mai kaya ya ga kuɗi a asusunsa ya aika bindiga, daga baya banki ya janye su. Wani lokaci cek ɗin ma ya fi farashin, sai mai saye ya ce kuskure ne, a mayar masa da rarar. Mai kaya ya rasa bindiga, ya rasa rarar da ya tura daga aljihunsa.

Akwai masu biya da katin banki na sata, a janye kuɗin idan mai katin ya farga. Mafi haɗari su ne masu aika kwafin lasisin FFL na jabu, ko na gaske da aka sauya wa adireshi, don a kai bindiga wani gida maimakon kanti. Nan asarar ta wuce kuɗi, domin makami ya faɗa hannun wanda ba a bincika ba, lambarsa kuma na nuni ga wanda ya aika. Saboda haka ATF ta buɗe shafin tantancewa mai suna FFL eZ Check, inda ake shigar da wani ɓangare na lambar lasisi a ga suna da adireshin gaskiya.

Sai sayen wakilci, inda mai tarihi mai tsabta ke cike fom a madadin wani. A shari'ar Abramski ta 2014, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, cewa yin ƙarya game da ainihin mai saye laifi ne ko da wanda aka saya wa ɗin doka ba ta hana shi mallaka ba. Dokar da aka sa wa hannu a Yunin 2022 ta ware wa wannan laifi ɗaurin da ya kai shekara 15.

Wa ke ɗaukar asara?

A takarda hukuncin na da tsanani. Damfara ta gidan waya ko ta hanyoyin sadarwa laifi ne na tarayya da kan kai ɗaurin shekara 20, shi ya sa masu saye da yawa suka fi son takardar kuɗi ta gidan waya, wadda ke ba sufetocin hukumar hurumin bincike. A aikace kuwa ƙararraki sun fi ƙarfin masu bincike. Cibiyar IC3 ta FBI ta karɓi ƙorafe-ƙorafe sama da 880,000 kan laifukan intanet a 2023, da asarar dala biliyan 12.5. Sama da 50,000 daga ciki kan rashin biya ne ko rashin kawo kaya, na kowace irin haja. Wanda aka cuta dala 700 yana can ƙarshen layi.

Su kuma shafukan, sashe na 230 na wata dokar sadarwa ta 1996 ya kare su daga ɗaukar alhakin abin da masu amfani da su suka wallafa. A 2012 wani mutum da kotu ta hana riƙe makami ya samu bindiga ta shafin talla na Armslist, ya kashe matarsa da wasu mata biyu a wani wurin gyaran jiki a jihar Wiskonsin. 'Yar matar ta kai shafin ƙara, amma a 2019 kotun ƙolin jihar ta ce sashen ya kare shi. Idan ba a kama shafi da laifi a kan rai ba, da wuya a kama shi a kan kuɗin da ɗan damfara ya gudu da su.

Abin da ya rage shi ne matakan cikin gida. Shafuka na neman katin banki kafin rajista, suna rubuta wa mai ƙin biya laifi, su rufe asusunsa idan ya maimaita, ko da yake wasu kan dawo da sabon suna. Masu sayarwa na toshe sunayen da suka taɓa cutar su, da yawa kuma na rubuta cewa sabon mai tayi da ba shi da tarihi ya tuntuɓe su tukuna, in ba haka ba su soke tayinsa. Wasu sun bar gwanjo sun koma tsayayyen farashi da biya nan take. Gogaggun masu saye kuwa sukan nemi sabon hoton bindigar tare da takarda mai ɗauke da kwanan wata, su kira kantin da lambar da suka nemo da kansu, su kuma ƙi duk cinikin da aka ce a kammala a wajen shafin.

Abin da ya shafi Najeriya

Wannan kasuwa ta cikin Amurka ce. Fitar da bindiga daga ƙasar na buƙatar izinin gwamnatinta, a Najeriya kuma Dokar Makamai ta hana mallaka ko shigo da bindiga ba tare da lasisi ba, wanda Shugaban Ƙasa ko Sufeto Janar na 'Yan Sanda ko kwamishinan 'yan sanda na jiha ke bayarwa gwargwadon nau'in makamin. Duk wanda ya yi wa mazaunin Kano ko Abuja alkawarin turo masa bindiga daga wani gwanjo na ƙetare, ko dai kuɗinsa yake so, ko zai jefa shi cikin laifin da ke kai mutum gidan yari.

Dabarun kuwa ba baƙi ba ne a nan. Cek na jabu ɗan'uwan alat na bogi ne da ke addabar masu shaguna da masu POS. Hukumar Kwastam ta sha gargaɗin jama'a kan masu buɗe shafukan Facebook da sunan jami'anta suna tallar motocin gwanjo, alhali gwanjonta na intanet a shafinta kaɗai ake yi, kuma sai da lambar shaidar biyan haraji. A Janairun 2025, lokacin da EFCC ta yi gwanjon ɗaruruwan motocin da kotu ta ƙwace ta intanet, mahalarta sun koka kan tayin da ya ninka darajar motocin ninkin ba ninki, hukumar kuma ta ce za ta duba koke-koken. Dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara.

Kasuwannin gargajiya sun daɗe da gano maganin mai tayin wasa: kafin alƙalami, da dillalin da ya san ɓangarorin biyu. Gwanjon intanet ya kawar da su don ya jawo jama'a da yawa cikin sauri. Shekara 25 da 'yan kai bayan kafa GunBroker, katin banki kafin rajista da tantance masu tayi da tarihin yabo duk ƙoƙari ne na dawo da abu biyun nan ta wata siga. Duk hukuma ko ɗan kasuwar da ke shirin sa kaya a gwanjon intanet zai rage wa kansa asara idan ya fara tanadar su kafin ya buɗe tayi.